Ranar da Muka Kai Baba Gandun Daji

Babanmu maharbi ne a ƙuruciyarsa, amma ni ban riske shi da kwari da baka ba. Lokacin da na yi wayo a Gubuchi ya riga ya zama manomin masara da rake kamar kowa, dajin da yake ba mu labari kuwa duk an sare shi an yi gonaki. Idan muna hanyar Malikanchi gaida dangin Inna, yakan tsaya a bakin wata gona ya ce, "Nan wurin da, da ƙyar rana take taɓa ƙasa. A nan na fara ganin gwanki." Mu duba, ba mu ga komai ba sai kunyoyin waken soya da itacen ɗorawa guda. Ban taɓa musa masa ba, amma a raina na ɗauka yana ƙara wa labarin gishiri.

Shekarar da yanar ido ta fara rufe masa gani, ina koyarwa a wata firamare a Makarfi. Na je gaishe shi wata Juma'a, na tarar da shi a zaure yana ɓarar gyaɗa da lalube. Bayan ya tambayi maigidana da yara da aiki, sai ya ce, "An ce akwai wani gandu can gaba da Ikara da aka killace, ba a harbi a ciki. Da gaske har yanzu akwai namun daji?"

Na ce, "Haka nake ji, Baba."

Ya ce, "To," ya ci gaba da ɓararsa. Inna ce ta rako ni ƙofar gida ta ce tun damina yake wannan magana, roƙo ne dai ba zai yi ba.

Yayana yana da wata tsohuwar mota da yake kai tumatir kasuwa. Da na kira shi a waya, cewa ya yi, "Mutumin da ba ya gane fuskata sai na yi magana, me zai je kallo?" Na ce ni ma ban sani ba, ya dai wanke motar. Ya wanke kuwa, ko da yake warin tumatir bai bar kujerun ba. Ranar Asabar da sassafe Baba ya fito cikin babbar rigarsa ta Idi, har da hular da ba ya sawa sai ɗaurin aure.

Yaya ya ce, "Baba, daji fa za mu."

Ya ce, "Na sani. Ziyara za ni."

Hantsi ya ɗaga muka isa. Ma'aikacin da aka haɗa mu da shi wani magidanci ne mutumin kudancin Kaduna, cikin kaki kore da ya koɗe. Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya faɗa mana gaskiya tun a bakin ƙofa: namun sun yi ƙaranci, waɗanda suka rage kuma ba sa son ƙarar mota. Ya shiga baya kusa da ni, muka bi wata siririyar hanya tsakanin itatuwan marke da doka.

Birai muka fara gani, manya, zaune a kan duwatsu suna kallonmu kamar mun zo musu ba sallama. Baba ya leƙa ta taga ya ƙanƙance ido. Ya ce yana ganin motsi kawai. "Ki faɗa mini," in ji shi. Sai na ga ashe ban iya ba. Na ce manya ne, masu launin toka. Ya tambaye ni ko akwai mai ɗauke da ɗa, a ciki ta maƙale shi ko a baya, wanne ne ya zauna a sama shi kaɗai. Kowace tambaya sai na sake dubawa kafin in ga abin da yake nufi. Can wani abu ya ratsa hanya a guje, na ce kamar alade. Ya ce, "Jelarsa a tsaye?" Na ce ƙyam. Ya yi dariya har da buga gwiwa, ya ce, "Gadu ne! Ashe yana nan, ɗan banza."

Da muka kai wani rafi da ruwansa ya ja baya, ya ce a sauke shi. Na riƙe masa hannu har bakin laka. Ya tattare babbar rigar ya tsuguna, ya shiga shafa ƙasa da yatsu. Ya ce wannan sawun gada ne, wannan na mazo, da safen nan ya sha ruwa. Sai hannunsa ya tsaya a kan wani babban sawu, ya daɗe bai ɗauke ba.

Ma'aikacin ya ce, "Baba, wannan saniya ce. Makiyaya sukan ratso."

Baba ya ce, "Zo ka sa hannu. Kofaton saniya a buɗe yake, gabansa da faɗi. Taɓa bakin wannan ka ji tsini. Gwanki ne, namiji, kuma shi kaɗai."

Mutumin ya tsuguna ya taɓa. Ya ce rabonsa da ganin gwanki ya daɗe, har ya ɗauka sun ƙaura. Ya ciro waya ya ɗauki hoton sawun, ya ce zai nuna wa abokan aikinsa. Daga nan ya daina yi mana bayani, ya koma shi ke tambaya.

Muka zauna ƙarƙashin wata kanya muna jira. Baba ya hana mu magana, ya sa Yaya ya kashe wayarsa. Zabin daji suka zo suka sha ruwa suka tafi. Rana ta take. Ina kallon gefen fuskarsa, ya karkatar da kunne wajen rafi, bakinsa a ɗan buɗe. Har aka yi azahar babu abin da ya fito. Da muka yi salla, ya ce wa ma'aikacin, "Na kashe su da yawa, ɗana. A lokacin mun ɗauka ba sa ƙarewa."

Mutumin ya ce, "Masu sare itace sun fi ku ɓarna, Baba."

Baba ya ce, "Ai ni ma na yi saran. Gonata daji ce da."

A hanyar dawowa muka tsaya Ikara muka ci shinkafa da wake a wata rumfa bakin tasha. Na ɗauka Baba ya gaji, amma da muka zo inda za mu karya zuwa gida sai ya ce wa Yaya ya miƙe, Kudan yake so. Akwai wurin da ake yin mazarƙwaila a bayan gari, inda ya taɓa kai rakensa shekaru da yawa. Tun daga nesa ya ce mun iso, don ya ji ƙamshin ruwan rake a kan wuta. Doki yana zagaye yana juya injin matsa, mutane suna kwashe kumfa daga manyan tukwane. Wani tsoho ya gane muryarsa, suka rungume juna suna lissafa waɗanda suka rasu. Aka ɓantaro masa mai ɗumi, ya gutsura ya miƙo mini sauran, ya sa aka ƙulle wa Inna nata a leda.

Muna zaune a kan tarin ɓawon rake ya ce mini, "Da na san gandun can kusa ne haka, da na zo tun ina gani." Shekara nawa ina aiki, ina hawa mota zuwa Zariya da Kaduna, ban taɓa tambayarsa ko akwai inda yake son zuwa ba. Na ce in Allah ya yarda za a yi masa aikin ido, mu koma. Ya ce to, amma a taho da jikoki, kuma a zo farkon damina, lokacin da ciyawa take sabuwa.

An sa ranar aikin idon, sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi kafin ranar ta zo. Bai ga ruwan farko ba. Cikin makonnin da ya yi a kwance, duk wanda ya zo dubiya sai ya ji labarin tafiyar nan, tun daga wankin mota har dokin Kudan, ni kuma yakan ce in zauna kusa in gyara masa inda ya manta. Bai manta komai ba.

Yaya ya sayar da motar daga baya. Hanyar gandun ma an ce yanzu sai an tambayi lafiyarta kafin a bi. Duk Sallah idan muka haɗu a gida, ɗayanmu yakan ce ya kamata mu kai yaran nan, ɗayan ya ce ƙwarai, bari damina ta faɗi. Bana ma mun faɗa. 'Yata, wadda take goye a lokacin, har ta shiga aji huɗu.