Fis ɗin da Baffa ya naɗe da tagulla

Har yau in na ji ƙaurin roba tana ƙonewa raina ɓaci yake yi, don ranar saukata ta Alƙur'ani yake tuna min.

Babanmu mai gyaran rediyo ne a Gwarzo. Da hannunsa ya haɗa wata amfilifaya, injin ƙara sauti da yake kaiwa wuraren biki, ya jera mata taransistoci a kan faifan alminiyon don kada su ɗau zafi, ya sa ɗan fis a gabansu. Yakan ce min, "Wannan siririyar wayar, aikinta ta mutu. In wayoyin lasifika suka haɗu, ita za ta tsinke kafin wuta ta cinye taransista."

A Garo aka yi walimar, gidan kakanmu, farkon damina. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ƙamshin waina ya cika unguwa. Baba ya haɗa kayan, ya tafi bakin titi tarar malamai. Yara suka yi tuntuɓe da wayar lasifika, bakinta biyu suka haɗu, fis ya tsinke. Sai Baffa, yayan Baba, wanda bai taɓa gyara ko tocilan ba, ya ce ba za a jira kowa ba. Ya samo wayar tagulla mai kauri, ya naɗe gurbin fis ɗin.

Na ce, "Baffa, Baba ya hana."

Ya ce, "Kai, yaushe aka haife ka?"

Ya kunna. Hayaƙi ya tashi, taransistocin suka ƙone ƙurmus. Haka na karanta farkon Baƙara da 'yar muryata. Inna, da take suya tun asuba a cikin gida, ko harafi ɗaya ba ta ji ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, Baffa ya tsaya gaban jama'a ya ce kayan ƙaninsa ne ba su da kyau. Baba ya ga tagullar da idonsa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yi haƙuri, Yaya." Daga ranar masu biki a yankinmu suka daina neman kayansa.

Yanzu injunan sola da nake sa wa mutane, da zarar waya ta haɗu kashe kansu suke yi, ba sai an roƙi kowa ya haƙura ba. Baba da Baffa duk sun rasu. Na bi sallar gawar Baffa, na yi masa addu'a. Amma in dangi suka zauna suna yabon halinsa, tashi nake yi in bar musu wurin.