Rigar da Goggo Ta Ƙi Kamawa

Goggona mai ɗinki ce, yayar mahaifina. Tun ina ƙarama nake ganinta a kan keke ɗaya, a ɗan shagon da ke ƙarƙashin bene, tef rataye a wuya, fil a baki. Kayan mata kawai take ɗinkawa. Akwai waɗanda suka fi ta iya ɗinki a layin, amma mata wajenta suke tururuwa, don ba ta taɓa ce wa mace "kin yi ƙiba" ko "kin rame" ba. Za ta zagaye ki da tef, ta riƙe lambar a ranta, bakinta gum. Kowace riga kuma sai ta bar mata rarar yadi daga ciki. In kin ƙaru ta buɗe, in kin ragu ta kama, ki tafi kina murna wai jikinki na nan yadda yake. Ni kaina ta sha rufa mini asiri haka.

'Yarta ta ƙarshe, wadda har yau muke kira Auta duk da tana da miji da ɗa, a kantin takalma take aiki, a tsaye take wuni. Da ta haihu ta ɗan yi jiki, abokan aikinta suka sa ta gaba da tsiya. Shi ke nan ta daina karin kumallo, rana ma shayi ba madara, ga yaro tana shayarwa. Mutane kuwa, kai mutane! "Auta, kin koma budurwa!" Ta riƙa kawo wa uwarta riguna, Goggo tana kamawa. A kama ƙugu, a kama hannu, a jima a sake kamawa. Kullum riga ta zauna mata ɗas, don haka ba wanda ya ga abin da ake ciki, har mijin.

Ran nan jiri ya ɗebe ta a kan tsani tana sauko da kwali. Ni da Goggo muka kai ta asibiti. Nas ta ɗora ta a sikeli, sannan ta jingina ta da bango ta auna tsayinta.

Goggo ta ce, "Tsayin kuma na mene ne, 'yar nan? Riga za ki ɗinka mata?"

Nas ta yi dariya. "Mama, kilo kaɗai ba ya faɗin komai. Kilo sittin a jikin doguwa daban, a jikin gajeriya daban. Tsayin mutum a mita ake ninkawa da kansa, sai a raba nauyinsa da abin da ya fito. Daga sha takwas da rabi zuwa ƙasa da ashirin da biyar, lafiya lau. In ya wuce haka an fara nauyi, talatin kuwa ƙiba ce."

Goggo ta ce to a gwada ta ita ma. Ta fito da talatin da ɗaya. Ta sauko tana cewa wannan sikeli ba shi da kunya.

Nas ta ce, "Ke ma za mu yi magana, Mama. Amma ta 'yarki sha bakwai ma ba ta kai ba, kuma tana shayarwa. Lambar ba ita ce komai ba, sai likita ya duba jininta. Wai ba ku lura kayanta sun yi mata yawa ba?"

Goggo ta dubi rigar da ke jikin Auta. Can ta ce, "Ni nake kama mata." Wallahi ta ba ni tausayi.

Likita ya ce jinin Auta ya yi ƙasa sosai, in ta ci gaba a haka nono zai ƙafe, aikin ma sai ya gagare ta. Aka ba ta magani, aka ce ta ci abinci sau uku kamar kowa.

Amma Auta akwai taurin kai. Ko sati ba a rufa ba ta kawo shuɗiyar rigarta, wadda ta fi so, wai a ɗan ƙara kama ƙugun. Ina shagon. Goggo ta karɓa, ta ɗauki reza, ta bi duk ɗinkin da ta taɓa kamawa ta farke, har riga ta koma yadda aka yanka ta da farko. Ta rataye ta a ƙusa bayan keke.

"Ranar da kika cika ta, ki zo ki ɗauka."

Auta ta yi kuka, ta yi fushi, ta daina gaishe ta na ɗan lokaci. Goggo ba ta kula ba. Kullum da rana sai ta rufe shago ta taka da ƙafa har kantin takalma da kwanon abinci, ta zauna sai an cinye a gabanta. Ta ce tafiyar maganin talatin da ɗayanta ce.

Rigar ta daɗe a ƙusar nan har ta yi ƙura. Makon jiya Auta ta zo ta gwada. Ƙugu ya zauna, kafaɗa ce kawai da ɗan saura. Na ga hannun Goggo ya kai kan gwangwanin fil ya buɗe, yadda ya saba shekara da shekaru. Ta tsaya, ta mayar da murfin.

Ta ce, "Da saura. Cire ki mayar mini ƙusa."