Tuwon da Ya Jira Kotun Ƙoli

A ƙauyenmu, can bayan Bici, maza ba sa cin tuwo a ɗaki. Bayan magariba kowa ya fito da kwanonsa ƙofar gida, a haɗa a ci. Ciyayya ke nan, kuma rufin asiri ce: wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba sai ya zauna ya sa hannu, ba mai tambayarsa.

Shekarar da taki ya fi ƙarfin talaka, rumbun Yaya, wan maigidana, ya ƙare da wuri. Ɗan abin da aka samu yara yake bar wa, shi kuwa ciyayya ce ke riƙe da shi. Duk mun sani, ba mai faɗa.

Sai ga shari'ar zaɓen gwamna, Yaya na wannan ɓangare, maigidana na wancan. Wata rana musu ya yi zafi, maigidana da bakin nan nasa ya saki maganar da ba ta dace ba, ya yi wa Yaya gorin tuwo. Yaya ya tsame hannu, ya rantse ba zai ƙara cin tuwonmu ba sai Kotun Ƙoli ta raba gardama.

Ranar na yi masifa! Na ce wa maigidana, "Malam, alƙalan Abuja sun san da zamanku? Gwamnan ya taɓa aiko muku da ko tiyar gero?"

Na riƙa aika tuwo gidan Yaya, yara su ci, shi ko loma. Liman ya ce ya yi kaffara, ya ƙi. Taurin kai gadon gidansu ne. Ina ganinsa yana wucewa masallaci, riga ta yi masa yawa, tausayinsa ya hana ni sukuni. Ni da ban san hanyar kotu ba, na koma ina aiki da rediyo a gefen murhu.

Ranar hukunci ɓangaren Yaya ya faɗi. Na ce shi ke nan, kunya ba za ta bar shi ya zo ba. Bayan magariba sai ga sallamarsa. Na laɓe a zaure ina leƙe.

Maigidana ya tura masa kwano, kansa a ƙasa, ya ce, "Yaya, ka yafe mini. Kuma sai haƙuri, ba ku ci ba."

Yaya ya yanki loma, ya kai baki.

"Kai, rabu da ni," in ji shi. "Ni tuni na daina roƙon mu ci. Addu'ata kullum, Allah Ya sa kada su ɗage zaman."