Turaren Juma'a da Ya Kusa Cinye Mini Digiri

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan manta da wata Juma'a a Bukit Jalil, can ƙasar Malay, ba. Lokacin ina digiri na uku a kan ƙananan allunan silikon masu aiki da haske. Silikon gwani ne wajen kai haske inda ake so, amma ba ya iya samar da shi. Don haka sai mu ɗauko wata 'yar ƙwayar lesa mai fitar da haske, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, mu manna masa. Ba gam ake sawa ba, fuskokin biyu ne ke kama juna, in dai babu ɗigon datti a tsakani.

To ni nawa sun ƙi kamawa. Biyar na lalata, saura ɗaya tak, kuma kafin wasu su iso wa'adin karatuna ya ƙare. Na zagi injin mannawar, na zargi abokin aikina, wani ɗan Jos, har na daina cin abinci da shi a mamak, gidan abincin da muka saba zuwa.

Shi ne ma ya lura. Ya ce, "Mallam, kai fa every Friday kake ɓata sample. Abi aljanunka na zuwa masallaci ne?"

Na harare shi. Ranar ma Juma'a ce, na dawo daga masallacin Kampung Baru, inda wani dattijo ke shafa wa kowa turare a hannu, ni kuwa hannu biyu nake miƙa masa don kwaɗayi. Ina cikin sa safar hannu sai malamarmu, wata 'yar Malay, ta shigo ɗakin canza kaya. Ta tsaya, ta ja hanci.

"Wa ya kawo biki lab ɗina?" Ta kalli yadda nake damƙar safar ta waje da yatsu masu maiƙo. "Aiyo, tak boleh lah! Ba a haka! Wata uku kana shafa wa lesa turare?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗan Jos kuwa har da riƙe ciki.

Sau uku ta sa na wanke hannu. Na ɗora ƙwayar ƙarshe, ta kama ram. Da muka kunna, haske ya bi hanyarsa, sai ga ƙwalla a idona.

Da yamma na yi wa ɗan Jos tapau, wato na sayo masa abinci a ƙunshe, na ba shi haƙuri. Tun daga ranar, duk aikin da ya ƙi, hannuna nake fara sunsunawa kafin in nuna wani da shi.