Rubutun Kakana a Gefen Takardar Kuɗi

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da Gwaggo ta miƙe a gaban manyan attajiran Madina ta ƙi zama.

Lokacin ina aikin karɓar baƙi a wani otal kusa da Harami. Mai otal ɗin ya shirya taro a unguwar Jurf don nuna rawar da kakansa ya taka sa'ad da hukuma ta fara fitar da kuɗin takarda, don sauƙaƙa wa alhazai dakon riyalin azurfa. Gwaggo, yayar mahaifina, ta ce sai na kai ta, domin babanta ne mai canji a shagon kakan mai otal ɗin a wancan zamanin.

Aka haska hoton samfurin takardar kuɗin da gidan su mai otal ɗin ya adana. A gefensa akwai wani rubutu da tawada. Maigidana, mai otal ɗin, ya yi dariya, ya ce da Larabci wannan shirmen wani hadimi ne, ba wanda ya taɓa gane shi.

Sai na ji kujerar Gwaggo ta motsa. Na kama hannun abayarta.

"Gwaggo, ki rufa mini asiri, a nan nake cin abinci."

"Sake ni, ɗan nan."

"Ya hajja, tafaddali, zauna," in ji maigidana.

"Ba zan zauna ba. Wannan ajami ne, Hausa ce, kuma hannun ubana ne."

Ta dogara sandarta har gaban hoton, ta karanta da ƙarfi: "A ƙara girman lamba, a bambanta launi, ba kowane alhaji ke karatu ba." Ta fassara musu da Larabcinta na 'yar Madina. Ta ce alhazan Kano da na Barno ƙin takardar suka yi da farko, suna cewa takarda ba kuɗi ba ce, sai da babanta ya riƙa tsayawa a ƙofar shago yana rantse musu cewa duk ranar da ta ƙi karɓuwa, shi zai ba su azurfa.

"Kakanka ya kai shawara gaban hukuma, Allah ya jiƙansa," ta ce wa maigidana. "Amma a bakin wa ya ji ta?"

Can wani dattijo a sahun gaba ya ce, "Wallahi gaskiya ta faɗa, na san mutumin."

Bayan mako guda aka mayar da ni ɗakin ajiyar barguna. Na yi wata biyu, na ajiye musu aikinsu, kuma har yau ban yi nadama ba. Na fahimci cewa in ka yi shiru a kan tarihin gidanku don tsoron rasa abinci, wani zai ba da shi a gabanka, ya cire sunan ubanka, kai kuma kana tafa masa.