Shekara Biyu Ina Shirin Wasa Ɗaya

Lokacin da kuɗin fetur suka fara yawo a ƙasar nan, ina koyarwa a wata firamare a Utai, amma a Wudil nake kwana, a wani ɗaki da na kama kusa da bakin kogi. Maƙwabcina malamin gona ne, mutumin Dagumawa, kuma sa'ana ne. Shi ya koya mini ces, wato darar Turawa. Shi ma wurin wani Ba'indiye ya koya, wanda suka yi aikin noman rani tare, da zai koma ƙasarsu ya bar masa allon da 'ya'yan.

Na taso ina darar gida, ba a kuma cika cinye ni ba, don haka na ɗauka kwana biyu zan gane kan wannan. Wata shida muna zama bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gida, ban cinye shi ko sau ɗaya ba. Ranar da na gaji na ce, "Don Allah mutumina, gaya mini gaskiya, ina matsalata take?"

Ya ce, "Malam, kai wasa kake yi, ba koyo ba. Nemi littafi ka riƙa rubuta duk abin da muka tura. In an cinye ka, kada ka duba inda sarkinka ya mutu. Koma can baya ka nemo inda ka fara lalacewa."

Sai ya kwashe 'ya'yan duka, ya bar sarki biyu da soja ɗaya. Ya ce in kai sojan nan ƙarshen allo. Na kasa. Ya ce to daga nan zan fara.

Ba a yi wata biyu ba ya ajiye aikin gwamnati. Wani ɗan'uwansa ya samo masa kwangilar kai siminti a Kano. Ranar da zai tafi ya miƙo mini allon ya ce, "Riƙe. In na dawo ina so in ga ka cinye ni." Ni kuwa na ɗauki maganar da gaske.

Kullum in na dawo daga Utai a kan kekena, sai in shimfiɗa tabarma in buɗe littafin. In maimaita wasanninmu ɗaya bayan ɗaya, in juya allon in zauna a gefensa don in ga abin da yake gani. A nan na gane halina: ina fito da sarauniya da wuri, kuma duk abin da aka ajiye mini sai na ci, ko da tarko ne. Sai na sa wa kaina doka, ba zan taɓa ɗa ba sai na tambayi kaina me abokin wasa yake nufi da abin da ya tura. Na samo wani tsohon littafin ces a Kano, ina warware matsalolin ciki da ido kawai, hannuna a ƙarƙashin cinya. Da na ji akwai wani malamin dabbobi a Achika da ya iya, duk Asabar sai in taka keke in je. Da farko yana cinye ni, daga baya ya fara cewa yana da uzuri.

A cikin shekarun nan biyu abokan aikina suka yi ta barin koyarwa, wannan ya sayi babur, wancan ya rufa kwano. In sun wuce suka gan ni ni kaɗai a gaban allo, sai su ce Allah Ya ba da lafiya. Ban damu ba, na san wanda nake jira.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, sai ga sabuwar mota ta tsaya a ƙofar gida. Shi ne, ya yi ƙiba, ya je Makka ya dawo. Shanu ya zo saya na wani biki. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa, sannan na shiga na ɗauko allon.

Ya yi dariya ya ce, "Kai Malam! Har yanzu kana wannan abin?"

Ya zauna a bakin tabarma, bai ko cire takalmi ba. Yana turawa yana magana da dillalin da ya biyo shi a kan wani bijimi. Na tanadi hanyar da zan bi da shi tun bara, amma ba mu ma kai wurin ba. Ya ɗauki sarauniyarsa ya ajiye ta a bakin dokina.

Na ce, "Alhaji, duba dai. Mayar da ita."

Ya ce, "Ci abinka."

Na ci. Kafin dillalin ya gama bayaninsa an gama wasan. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga, ka iya." Na ce mu sake ɗaya a natse, ya dubi agogo. Na nuna masa littafin, ya buɗe shafi biyu, bai tuna ko wasa ɗaya ba. Abin da ya ce kawai, rubutuna yana da kyau, in ina so in zo Kano in riƙe masa sito.

Na raka shi bakin mota. Da na dawo ban rubuta wasan ba, don babu abin rubutawa.

Bayan nan mun sha haɗuwa a wurin suna da jana'iza, ba mu sake zama a gaban allo ba har ya rasu. Na ci gaba da wasa, na cinye mutane da dama a Wudil da Kano. Amma ko na kai malamin gonar nan da na sani, ko ban kai shi ba, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.