Saude da Kalmomin Jumare

Surukata Saude mai daddawa ce a Kusasu, kuma ban taɓa ganin mace mai taurin kai irinta ba. Ni matar autanta ce, tare muka yi shekaru muna dafa kalwa a tukunya ɗaya. Har yau in na ji warin daddawa sai kewarta ta kama ni.

Ɗanta na fari mahara ne suka ɗauke shi a dajin Birnin Gwari yana ƙaramin yaro, ya je tsintar ƙwarar kaɗanya. Tunda ɗan fari ne, kunya ta hana ta kiran sunansa. Ko ranar da aka rasa shi ba ta yi kuka a gaban mutane ba. "Yaron nan" kawai take cewa, shi ma sai ta kawar da kai.

Bayan shekaru masu yawa wani dattijo, Jumare, ya iso garin tare da fatake. An taɓa sayar da shi hayin teku, wata ƙasa da ake kira Kuba, ya sami 'yanci ya dawo ta Ikko. Ya ce akwai irinsa da yawa da suka dawo suna can bakin ruwan Ikko, an sauya musu suna, wasu Hausar ma ta gudu daga bakinsu, sai Sifaniyanci. Saude ta kai masa daddawa, ta ce ya koya mata yadda ake kwatanta mutum da harshen nan, don ta bai wa fatake cigiya. Ta fara lissafa masa: ɗan gajere, mai kumatu, haƙoran gaba sun faɗi.

Jumare ya ce, "Yaya Saude, yaro kike nema. Wanda za a samu a can magidanci ne."

Daga nan ta shiga ƙera shi da kamannin ubansa. Dogo, wato alto. Siriri, filako. Mai sanƙo, kalbo, domin duk mazan gidan nan ba sa kaiwa arba'in da gashi a ka. Tana daka tana maimaitawa, muna yi mata dariya, ta ce mu yi ta yi, ai haƙoranmu ne. Duk ayarin da ya sauka zango sai ta tare madugu, ta ɗura masa kalmomin nan har ya haddace, sannan ta cika masa ƙwarya da daddawa. Fatake su tafi su dawo, ba labari. Da ta ga furfura a gemun mijina, sai ta koma wurin Jumare ta karɓo biyeho, wato tsoho, tunda wan ya riga ƙanen tsufa.

A ciwonta na ƙarshe Jumare ya zo dubiya. Ta sa kowa ya fita, ni kaɗai ta bari ina yi mata fifita. Ta tambaye shi, can ƙasa-ƙasa, yadda ake cewa "ɗana".

Ya ce, "Mi iho."

Bayan ya tafi ta sa na ɗaga asabari, mutan gida suka shigo. A gaban kowa ta yi ta faɗin "mi iho" da ƙarfi, hawaye na gangara cikin kunnenta. Mata suka ce zafin zazzaɓi ne. Ni na san abin da take faɗi, ban kuwa gaya wa kowa ba.